Kiwon feret a gida: amsoshin tambayoyin da sababbin masu kiwo suka fi yi

Shekara bakwai ke nan ina kiwon feret a arewacin Ingila. Biyu gare ni yanzu, namiji da mace, Gizo da Ƙoƙi. Tun da 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka suka ji labarin, tambayoyi ba sa yankewa: wani 'ya'yansa ne suka gani a shagon dabbobi suka kafe sai an saya, wani kuma ya riga ya kawo gida, dare ya yi bai san abin da zai ba shi ba. Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa, na faro daga masu sauƙi. Wannan dabba tana da shiga rai ƙwarai, amma ba ta yafe sakaci, shi ya sa na tsawaita a wuraren da sakacin ke kai wa ga asarar rai.

Wai mene ne feret? Ba tunku ba ne?

Ba tunku ba ne, ko da yake duk Bahaushen da ya gan shi karon farko abin da yake faɗa ke nan. Doguwar jiki, gajerun ƙafafu da tsinin baki ne suka haɗa su. A wajen masana halittu tunku ya fi kusa da kyanwa da kura, shi kuwa feret danginsa a dajinmu su ne bodari da dage. Wanda ya san bodari ya riga ya hango tambayar wari, tana nan tafe a ƙasa.

Dabbar gida ce, ba kamun daji ba. An samo shi daga wani ɗan'uwansa na dajin Turai, kuma ya kai shekara dubu biyu a hannun mutane. Tsawonsa da jela kusan santimita 50 ne. Namiji kan kai kilo 1 zuwa 2, mace kuwa sau da yawa ba ta cika kilo 1 ba. Yana rayuwa shekara 6 zuwa 10. Sunansa daga Latin ya fito, ma'anarsa ƙaramin ɓarawo, kuma sunan bai faɗi ƙasa ba: na taɓa ɗaga kujerar falo na tarar da safa shida, makullin mota da carbin mai ɗakina, duk an jera su a lungu ɗaya.

Me Turawa ke yi da shi tun asali?

Farautar zomo. Ana shimfiɗa raga a bakin ramukan, a zura feret ta ɗaya, zomaye su fito a guje su faɗa ragar. Har yau ana yin haka a ƙauyukan Ingila. Son shiga rami ya sa aka riƙa ɗaura masa igiya ya ja ta cikin bututu don a bi da waya. A 1971, a wata cibiyar binciken kimiyya da ke Batabiya a jihar Ilinoi ta Amurka, wadda yanzu ake kira Fermilab, wata feret mai suna Felicia ce aka sa ta riƙa jan zare ta cikin dogayen bututu don a share su.

Wannan tarihin shi ne mabuɗin halinsa gaba ɗaya. Dabbar da aka yi ƙarnoni ana zaɓenta don ta kutsa duhu ba tsoro, ba za ta ga kafa a gidanka ta wuce ba.

Doka ta yarda a ajiye shi?

Ya danganta da inda kake. A Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai babu matsala. A Amurka an hana a jihohin Kalifoniya da Hawayi, haka ma cikin birnin New York, ko da yake sauran jihar New York an yarda. A Ostareliya an hana a Kwinsland da Yankin Arewa. Niyu Zilan ita ce ta fi shan wuya: an kai feret can a shekarun 1880 don ya rage zomaye, sai ya koma kan tsuntsayen ƙasar masu ƙwai a ƙasa, har ta kai a 2002 aka hana sayar da shi da hayayyafa shi don kiwon gida.

Idan haya kake, karanta takardar hayarka kafin komai. Doka na iya yarda, mai gida ya ƙi.

Zan iya kiwonsa a gida, kamar Kano ko Damagaram?

Shawarata kar ka yi. Feret ɗan ƙasar sanyi ne, gashinsa mai kauri, kuma jikinsa ba ya fitar da zufa yadda zai huce. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21. Daga 27 ya fara galabaita, idan aka haura 30 kuwa ransa na cikin haɗari. A Kano, Afrilu da Mayu zafi kan kai 40. Sai dai ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, kuma kowa ya san yadda wutarmu take: a ɗauke ta da azahar, janareta ya ƙi tashi, kafin la'asar an gama. Ƙara da sauro mai ɗauke da tsutsar zuciya, da karnukan unguwa marasa rigakafi, da wahalar samun likitan dabbobin da ya taɓa riƙe feret a hannunsa.

Na ɗanɗana wannan a nan ma. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafin Ingila ya haura digiri 40 karon farko a tarihi. Na sauko da su banɗakin ƙasa mai tayil, na rufe labule, na naɗe gorunan ruwa masu ƙanƙara da tawul na jera musu. Ƙoƙi ta miƙe a kan tayil ɗin kamar tsumma, haɓarta a jikin gorar, ba ta motsa ba sai bayan magariba. Wannan kwana biyu ne kacal, ba wata uku ba.

Alamomin zafi ya buge shi: haki da baki a buɗe, dalalar miyau, dasashi ya yi jawur, jiki ya saki. Jiƙa ƙafafunsa da cikinsa da ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba, ka nufi asibiti nan take. Fanka kaɗai ba ta wadatarwa, tunda babu zufar da iskar za ta busar.

Ɗaya zan ɗauka ko biyu, kuma a ina?

Biyu sun fi. Suna kwana a cure kamar ƙullin zare, suna kokawa, suna gajiyar da juna, kai ma ka samu sarari. Ɗaya ma yana rayuwa lafiya idan kai za ka zame masa abokin wasa kullum.

Ga sabon shiga, na fi son ya je gidajen da ake tara dabbobin da aka rasa mai riƙe su, ya ɗauki babba wanda aka san halinsa, ya kuma daina cizon ƙuruciya. Idan ɗan ƙarami kake so, kar ya gaza mako 8. Duba idonsa garau, hancinsa ba majina, gindin jelarsa ba alamar zawo. A Amurka yawancin na shago daga manyan gonakin kiwo suke fitowa, an riga an yi musu fiɗiya an cire jakar wari, sau da yawa ma da ɗigo biyu na shaida a kunne. Wannan yana da nasa sakamakon, duba amsar da ke kan cututtukan girma.

Wane irin keji yake bukata?

Babba, mai hawa biyu ko uku, mai ƙyaure da sakata ta gaske, don yana koyon buɗe ƙofa. Ƙasan ya zama shafaffe, ba waya ba, kar ta ji masa ciwo a tafin ƙafa. Sa masa lilo na yadi da tsofaffin riguna ya kutsa ciki, amma ban da tawul mai zare, yana kama farce. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi ko wanda ake maƙalawa, in ba haka ba zai kifar. Kar ka zuba garin katako mai ƙamshi, ƙurarsa da mansa suna taɓa masa huhu. Ajiye kejin nesa da hita da tagar da rana ke bugawa.

Keji ɗakin kwana ne kawai. Yana bukatar aƙalla awa huɗu a waje kowace rana, a raba safe da yamma. Wanda aikinsa ba zai bar shi ya yi haka ba, ya haƙura da feret tun yanzu.

Me zan gyara a ɗaki kafin in sake shi?

Kwanta ruf da ciki ka kalli ɗakin daga inda idonsa yake. Duk kafar da kansa zai shiga, sauran jikin zai bi, kuma faɗin santimita 3 ya ishi ƙaramar mace. Toshe bayan firji, ƙarƙashin kabad ɗin kicin, da ramin da bututu ya ratsa bango. Kujerar nan mai kwantawa da miƙewa ta hallaka feret da yawa, don yana shiga cikin ƙarafunanta ya yi barci. Leƙa injin wanki kafin ka kunna. Girgiza tulin wanki kafin ka ɗauka, ka taɓa dardumar da ta yi tudu kafin ka taka.

Babban abokin gaba shi ne roba da soso: silifa, abin goge fensir, robar kan abin sauraren kunne, maɓallan rimot, balan-balan. Yana son taunarsu, hanjinsa kuwa siriri ne. Gizo yana da wata goma ya ciji gefen silifar banɗaki ban gani ba. Washegari ya ƙi abinci, yana cizon haƙora, yana kai hannu baki kamar mai son ciro wani abu, kashinsa ya koma siriri kamar zare, daga baya ya tsaya cak. Da daddare aka yi masa tiyata, likitar ta fito da guntun shuɗiyar roba da bai kai ƙwayar wake ba, ta nuna mini a cikin ɗan faranti. Ta ce da na bari har safiya, da hanjin ya fara mutuwa. Tun daga ranar silifa ba ta kwana a ƙasa a gidan nan.

Me yake ci?

Nama, sai nama. Hanjinsa gajere ne, abinci kan ratsa shi cikin awa uku zuwa huɗu, kuma ba shi da hanyar narkar da hatsi ko ganye. Saboda haka ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi, ba ayaba, ba dabino, ba madara, ba abin zaƙi kowane iri. Zai roƙa, zai ma lasa da marmari, amma zawo ne zai biyo baya, zaƙin kuma yana wahalar da jikinsa. Cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi kuwa guba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce busasshen abincin da aka yi musamman don feret. Juya buhun ka karanta: nama ya zo farko a jerin kayan haɗi, furotin ya kai kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari, kitse wajen kashi 20. Idan ka ga masara ko alkama a gaba, mayar. Abincin kare bai dace ba sam. Bar masa abincin a kwano kullum tare da ruwa, don kaɗan-kaɗan yake ci sau da yawa.

Wasu suna ba da ɗanyen nama, ni ma ina haɗawa: fuffuken kaza da ƙashinsa, zuciya, ƙundu, hanta kaɗan. Tsoka zalla ba ta isa, sai da ƙashi da kayan ciki, kuma kar a ba shi dafaffen ƙashi don yana tsagewa ya soki hanji. Nama ba gishiri ba yaji, ragowar tsire ko farfesu ba nasa ba ne. Ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Sai dai ka bi sawunsa, don yana ɓoye nama a lungu, hancinka ne zai gaya maka bayan kwana biyu.

Na sauya masa abinci ya ƙi ci. Taurin kai ne?

A'a. Abin da feret ya saba da ƙamshinsa kafin ya kai wata shida, shi ya sani a matsayin abinci, sauran a wajensa ba abin ci ba ne. Riƙa zuba sabon kaɗan a cikin tsohon, kana ƙarawa a hankali har mako biyu. Kar ka ce za ka bar shi da yunwa har ya sauko, jikinsa ba ya jure wannan. Idan kuwa abincin da ya saba ne ya ƙi har kwana ɗaya, koma labarin silifa a sama ka kira likita.

Da gaske yana wari?

Yana yi, ba zan ɓoye maka ba. Amma wari biyu ne, a raba su. Akwai na jakar da ke gefen duburarsa, irin ta bodari amma ba ta kai ta bodari ƙarfi ba, yana sakin shi idan ya firgita, cikin mintuna ya wuce. Akwai kuma na maiƙon fatarsa, wanda kullum yana nan, ya fi ƙarfi ga namijin da ba a yi wa fiɗiya ba a lokacin barbara. Cire jakar ba ya taɓa wannan na biyun. A Birtaniya ma an hana cirewa sai don rashin lafiya.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne yawan wanka. Kana wanke maiƙon, fatar na ninka shi, warin ya ƙaru. Sau ɗaya a wata ya yi yawa ma, ni sai sun shiga wani ƙazanta nake yi musu. Warin da baƙo ke ji a ƙofa na shimfiɗa ne da fo. Wanke tsummansu duk mako, kwashe fo safe da yamma, goge kunnensu, ka ba su abinci mai kyau. Turaren wuta da na tsinke kuma a kunna a wani ɗaki, hayaƙi yana sa su tari.

Yana koyon bahaya a wuri ɗaya?

Yana koya, amma bai kai kyanwa ba. Ɗabi'arsa ita ce ya ja da baya ya manna gindi a kusurwa, ya ɗaga jela. Kuma kusan kullum yana yi cikin mintuna kaɗan da farkawa. To, idan ya tashi, kar ka fito da shi sai ya yi. Sa fo mai faɗi, mai gajeren baki da dogon baya, a kusurwar da shi ya zaɓa, ba wadda kai ka zaɓa ba. A falo ma sa ɗaya ko biyu, don ba ya doguwar tafiya idan ta matsa. Zuba curarriyar takarda da ake sayarwa don haka, ban da yashin kyanwa mai dunƙulewa, yana manne masa a hanci da gindi. Kusurwar da ba ka so ya ɓata, ajiye tsummansa ko kwanon abinci a nan, ba ya yi a inda yake kwana ko ci.

Yana cizona. Yaya zan hana shi?

Fatar feret tana da kauri, abin da ɗan'uwansa zai ɗauka wasa kai zai huda maka yatsa. Ƙanana duk suna yi. Idan ya kama, kar ka fizge, kar ka doke shi, kar ka ɗalle masa hanci, duka tsoro yake koya masa, mai tsoro kuwa ya fi cizo. Ce "a'a" da murya ɗaya, ka ajiye shi a akwatin ɗaukar dabba wanda babu komai ciki na minti biyu zuwa uku, ka fito da shi. Zai sake, kai ma ka sake. Mako biyu zuwa wata ɗaya ake gane bambanci, muddin duk mutanen gida sun bi hanya ɗaya. Yi wasa da shi da abin wasa, ba da hannu ba.

Duba abu biyu. Masu farin kai ko farin layi a goshi sau da yawa kurame ne, tsawa ba ta isa gare su, kuma suna firgita idan an taɓa su ta baya. Sannan babban da bai saba cizo ba ya fara kwatsam, ciwo ne ke damunsa.

Na ɗaga shi bai motsa ba. Wani lokacin kuma sai ya yi ta tsalle kamar mai iska.

Duka biyun lafiya ce. Yana barcin awa 14 zuwa 18 a rana, wani lokacin ya yi nisa har ka ɗaga shi kansa na lilo. Sa hannu a ƙirjinsa: da ɗumi, yana numfashi, dasashi ruwan hoda, to bar shi. Kakkarwa idan ya farka ma ba komai. Tsallen nan kuwa, baya a gantsare, baki a buɗe, yana buge kujeru yana wani ƙut-ƙut, gayyatar wasa ce. Haka nan za ka ga ya yi ƙiba da gashi kafin hunturu, ya zube idan zafi ya shigo. Abin da ba lafiya ba shi ne ya tsaya yana kallon wuri ɗaya, miyau na zuba. Duba amsar cututtukan girma.

Macen tawa gabanta ya kumbura. Me ya same ta?

Ta shiga lokacin barbara, kuma wannan ita ce amsar da nake roƙon kowa ya karanta sau biyu. A Turai lokacin yana farawa wajen Maris idan rana ta fara tsawo, ya kai Satumba. Macen feret ba ta sakin ƙwai sai namiji ya hau ta. Idan bai hau ba, ba ta fita daga wannan hali, sinadarin mata ya yi ta hauhawa a jininta har ya danne ɓargo ya daina yin jini. Gashi ya zube, dasashi ya yi fari fat, ta rame, ta mutu. Daga wata ɗaya a cikin wannan hali haɗarin ya fara.

Mafita uku ce. A sa mata ɗan magani mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wanda ke kashe sha'awar na shekara ɗaya zuwa biyu, sai a sabunta. Ko a haɗa ta da namijin da aka ɗaure wa hanyar maniyyi, ya fitar da ita ba tare da ciki ba, sai dai barbararsu da zafi take, yana cizon wuyanta yana ja. Ko a yi tiyata a cire mahaifa da ƙwai. Tiyatar tana gama magana sau ɗaya, amma tana da alaƙa da cutar adirinal, wato ciwon wasu ƙananan gaɓɓai biyu a saman ƙoda, daga baya, shi ya sa likitoci da yawa a nan suka fi karkata ga maganin ƙarƙashin fata, ga mace da namiji duka. Ƙoƙi shi nake sa mata. Ka yi wannan shawara da likita tun Janairu, kar ka jira sai ka ga kumburi.

Wace allurar rigakafi ake yi masa?

Ta farko ita ce ta distemfa, cutar karnuka. Idan ta kama feret, da wuya ya tashi. Kar ka ce ai ba ya fita, ana iya shigo da ita a takalmi. Ta biyu ta ciwon haukan kare ce: a jihohin Amurka da yawa tilas ce, a Birtaniya kuwa sai idan za a fita da shi ƙasar. Bayan allura zauna a asibitin na rabin awa, don wasu jikinsu kan yi bore, amai da faɗuwa, kuma a nan ne ake iya ceto su.

Nemi likitan da ya san feret tun kafin ka bukace shi, ka san kuma inda ake buɗewa da dare. Maganin ƙuma ko na tsutsa, sai wanda shi ya rubuta. Farasitamol da ibufurofen ɗinka kar su kusance shi ko da ɓari.

Ina mura. Zan iya shafa masa?

Ƙwarai. Murar nan mai zazzaɓi da ciwon jiki tana tsallakawa daga mutum zuwa feret, ta kuma dawo. Ta dalilinsa ma aka fara gano ƙwayar cutar: a 1933, a cibiyar binciken lafiya da ke Mill Hill a Landan, masu bincike uku suka ɗiga ruwan maƙogwaron majinyata a hancin feret, suka kamu. Korona ma tana kama shi. Idan ba ka da lafiya, wani ya kula da su, ko ka rufe hanci ka wanke hannu. Babba mai ƙarfi yakan warke cikin mako ɗaya, ƙarami da tsoho su ne abin tsoro.

Waɗanne cututtukan girma zan sa wa ido?

Daga shekara uku zuwa sama, biyu ne suka fi yawa. Ta farko insulinoma, ƙari a gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, wanda ke sa sukarin jini ya faɗi. Za ka ga ya tsaya yana kallon iska, miyau na zuba, ƙafafun baya suna harɗewa, wani lokacin ya faɗi. Shafa masa zuma kaɗan a dasashi da ɗan tsinken auduga, kar ka ɗura masa komai a baki, idan ya farfaɗo ba shi nama, ka kai shi asibiti a ranar. Zumar ta gaggawa ce kawai, mai da ita abin kullum ƙara cutar yake yi. Da magani da cin abinci a kan kari, yana iya ƙara shekaru.

Ta biyu cutar adirinal, wasu ƙananan gaɓɓai biyu a saman ƙoda. Gashi yana zubewa daga jela ya hauro baya, dama da hagu daidai, da ƙaiƙayi. Macen da aka yi wa tiyata sai gabanta ya sake kumbura. Namiji kuwa fitsari na iya gagararsa, wannan ba ya jiran safiya. An fi ganinta ga waɗanda aka yi wa fiɗiya suna ƙanana, kuma maganin ƙarƙashin fata da na ambata a sama shi ake amfani da shi wajen danne ta. Auna nauyinsu duk mako a sikelin kicin ka rubuta, ka shafa wuya da hammata ko akwai ƙulli. Feret yana ɓoye ciwo, sikeli ne ke fara tona shi.

Ina da yara ƙanana da wasu dabbobi.

Kar a bar shi da jariri ko na goye su kaɗai, ko na minti ɗaya. Yaron da ya yi wayo a koya masa ɗauka da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gindi, yana zaune a ƙasa. Zomo, kaji, tantabaru, aku da duk wani ƙaramin abu, a wajensa farauta ne, ɗaki ma kar su haɗa. Da kyanwa sukan saba. Kare kuwa ya danganta da halinsa, kuma idonka na kansu kullum.

Maganar tsarki fa, tunda a ɗakin muke sallah?

A mazhabar Malikiyya jikin dabba mai rai da yawunta masu tsarki ne, fitsari da kashin wadda ba a cin namanta su ne najasa. Abin da muke yi a gidanmu: ɗaki ɗaya ne nasu, mai leda a ƙasa, ba kafet, sallaya kuma ana naɗe ta a ɗora sama, don in ka bari a ƙasa cikinta za su kwana. Wanda bai son abincin da aka sa naman alade ya shigo masa gida, ya karanta bayan buhu, akwai na kaza zalla. Mai son ƙarin bayani a kan hukunci ya zauna da malaminsa. Abin da babu saɓani a kai shi ne haƙƙin dabbar da ka tsare, kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha.

Zan je gida hutun wata ɗaya. In tafi da shi?

Bar shi. Tsakanin Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ana tafiya da feret bisa ƙa'idar kare da kyanwa: ɗan guntun lamba a ƙarƙashin fata, allurar haukan kare da takardar lafiya. Amma zuwa Najeriya ko Nijar, koma amsar zafi, ga kuma wahalar dawowa da shi.

Nemi mai riƙo tun wata biyu kafin tafiya, wanda ya taɓa kiwonsu, ko gidan ajiyar da ke karɓar feret. Kai su da kejinsu, da tsumman da ba a wanke ba don su ji ƙamshin gida, da abincin da zai wuce kwanakin. Rubuta masa lambar likita, nauyin kowanne, da alamomin toshewar hanji da na faɗuwar sukari, ka kuma bar kuɗin asibiti a hannunsa. Yanke musu farce kafin ka tafi, ka ɗiga musu man kifi a kan fatar ciki, suna lasa kana yankewa, ka tsaya kafin jan layin da ke cikin farcen. Sannan kai da mai riƙon ku zaga ɗakin da za su zauna, ku biyu a durƙushe, ku kwashe duk wata roba.